Waiwaye: Muryar da ta daɗe tana yi wa Amurkawa alƙawarin rage kuɗin ruwa

Waya ta yi ƙara, mai ita ya ɗaga, sai ya ji muryar mace a natse, irin ta ma'aikaciyar banki. Ta ce sunanta Rachel, daga sashen kula da masu katin bashi take kira. Ta kwantar masa da hankali cewa babu wata matsala a asusunsa, sai dai ya cancanci a rage masa kuɗin ruwan katinsa zuwa kashi 6.9 cikin ɗari, kuma damar ta kusa wucewa, wannan ce sanarwa ta ƙarshe. In yana so, ya danna lamba ɗaya.

Babu kowa a ɗaya ɓangaren. Murya ce da aka naɗa, kwamfuta ke sakinta a kan dubban layuka lokaci guda. Wani lokaci sunan ya koma Heather, ko Stacey, amma maganar ɗaya ce. A watan Nuwamban 2012 Jon Leibowitz, wanda ke shugabantar FTC, hukumar tarayya mai kula da cinikayya da kare masu saye, ya fito fili ya ce a wajensu wannan Rachel ita ce babbar abokiyar gaban jama'a. A lokacin hukumar na karɓar koke fiye da 200,000 duk wata a kan kiran da na'ura ke yi.

Amma labarin ya girmi Rachel. Tushensa yana cikin katin kansa.

A da, yawancin jihohin Amurka suna da dokar da ta ƙayyade iyakar ruwan da mai ba da bashi zai ɗora. A 1978 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira ta Marquette, cewa bankin da ke da rajistar tarayya yana iya bin ƙa'idar jihar da yake zaune, ko da wanda ya ci bashin yana wata jiha daban. Jihar Dakota ta Kudu ta cire iyakar, Citibank ya kwashe harkar katinsa ya koma garin Sioux Falls a 1981, Delaware ma ta buɗe ƙofa, sauran bankuna suka bi sahu. Daga nan iyakar da jihohi suka sa ta zama ba ta da wani tasiri a kan katin bashi.

A duba abin da wannan yake nufi ga magidanci. Wanda ake bin dala 5,000 a kati, ruwa kashi 22 cikin ɗari, zai biya wajen dala 1,100 a shekara na ruwa zalla, fiye da dala 90 kowane wata, uwar kuɗin ba ta motsa ba. In da gaske za a mayar da shi kashi 6.9, ruwan shekarar zai sauko zuwa dala 345. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa wauta ce ke sa mutum ya danna lamba ɗayan nan. Mutum ne da ya daɗe yana biya, takardar banki tana zuwa duk wata, bashin yana nan inda yake.

Ita kuwa dokar waya, majalisa ta fara taɓa ta tun 1991. A wancan lokaci kamfanonin talla ne ke damun mutane da na'urar da ke bin lambobi ɗaya bayan ɗaya. Sanata Ernest Hollings na Karolina ta Kudu, wanda ya ɗauki nauyin ƙudurin, ya kira irin wannan kira annobar zamani, ya ce yana tashin mutane daga barci, yana katse musu cin abincin dare, yana tilasta wa marasa lafiya da tsofaffi sauka daga gado. Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu a watan Disamba. Dokar ta hana kiran gidaje da naɗaɗɗiyar murya ba da izini ba, ta kuma ba wanda aka dama damar kai ƙara ya nemi dala 500 a kan kowane kira, har 1,500 in da gangan aka yi.

A watan Yunin 2003 aka buɗe rajistar ƙasa ta waɗanda ba sa son a kira su don talla. Cikin kwana huɗu na farko an shigar da lambobi fiye da miliyan goma, yau sun haura miliyan 240. Rajistar ta yi aiki, amma a kan kamfanin da ke da ofis da suna da tsoron kotu. Ɗan damfara bai taɓa duba ta ba.

Abin da ya ɓata lissafin shi ne kira ta intanet. Da can, mai son kiran mutum miliyan ɗaya sai ya sayi layuka masu yawa da na'urori masu tsada, ya biya kuɗin kiran nesa. Da kira ya koma bin intanet, sai ya zama da kwamfuta ɗaya da ɗan kuɗi kaɗan mutum zai kira Amurka daga ko'ina a duniya, kuma ya rubuta duk lambar da ya ga dama ta bayyana a wayar wanda ya kira. Tsohon tsarin waya an gina shi ne a zamanin da kamfanoni ƙalilan ke aika wa juna kira bisa amana, ba wanda ke tantance lambar da aka ce daga ita kiran ya fito.

Sai ga rikicin kuɗi na 2008. Mutane suka rasa aiki da gidaje, suka dogara da kati wajen cefane. Shugaba Obama ya sa hannu a dokar gyaran harkar katin bashi a watan Mayun 2009, amma yawancin tanade-tanadenta sai Fabrairun 2010 suka fara aiki, kuma a tsakanin nan bankuna da dama suka ɗaga wa mutane ruwa. Kowa ya ji a labarai cewa gwamnati na shirin taimaka wa masu kati, ba kowa ya san ta yaya ba. A wannan gurbi Rachel ta samu kasuwa.

Girman abin ya fito ne a shari'ar da FTC ta shigar a 2010 a kan wani kamfanin Kalifoniya mai suna SBN Peripherals, wanda ke amfani da sunan Asia Pacific Telecom. Wanda kotu ta naɗa ya riƙe kamfanin ya gano cewa tsakanin Janairun 2008 da Agustan 2009 kamfanin ya yi kira biliyan 2.6. An ɗaga kimanin biliyan 1.6, aka haɗa mutum miliyan 12.8 da 'yan talla. Wato cikin kira ɗari biyu, kusan ɗaya ne kawai ya kai ga magana da ɗan Adam. Ga kasuwancin gaskiya wannan asara ce, amma ga wanda kira bai ci masa komai ba, mutum miliyan goma sha biyu kasuwa ce babba.

Abin da ke faruwa bayan an danna lambar shi ne ya fi ɓata mini rai. Wani zai ɗauka, ya yi magana kamar daga bankinka yake, ya jero sunayen Visa da Mastercard don ka sake jiki. Zai tambayi nawa ake binka, ya ce ka karanto lambar katin domin a duba ko ka cancanta. A ƙararrakin da FTC ta shigar a 2012 a kan kamfanoni biyar na Arizona da Florida, ta ce wannan dubawar ba ta da wata manufa illa a ga ko akwai sauran gurbi a katin da za a cire kuɗin aiki. Kuɗin kuwa daga 'yan ɗaruruwan dala ne har kusan 3,000, da alƙawarin cewa za ka tsira da aƙalla dala 2,500. A kan katin nan da ya fi ƙarfinka za a ɗora shi, shi ma ya fara tara ruwa.

Aikin da ake yi maka bayan haka, in ma an yi, shi ne a haɗa kira da bankinka kana kan layi, a roƙe su ragi. Sau da yawa banki ya ce a'a. Wasu kuma su cika maka takardar neman sabon kati mai rangwamen 'yan watanni, wani lokaci ba da saninka ba. Duka biyun abubuwa ne da mai katin zai iya yi da kansa kyauta.

Hukuma ta yi ta ƙara ƙulli. Daga 1 ga Satumban 2009 an haramta kiran talla da naɗaɗɗiyar murya sai da izinin mai waya a rubuce. Daga Oktoban 2010 an hana masu tallan rage bashi ta waya karɓar ko sisi kafin su yi aikin. A ƙarshen shekarar aka sa hannu a dokar hana sauya lamba da nufin cuta. Kiran bai tsaya ba, domin naɗaɗɗiyar muryar ba ta kamfani ɗaya ba ce. A rufe biyar, wasu su ɗauki irin saƙon su ci gaba.

Da FTC ta ga kotu kaɗai ba za ta iya ba, sai ta sa gasa a 2012, ladan dala 50,000 ga wanda ya kawo dabarar tare kiran. Mutum biyu suka raba kuɗin a 2013, Serdar Danis da Aaron Foss, kuma dabarar Foss ce ta zama manhajar Nomorobo. A 2014 hukumar ta je har taron gwanayen kutse na DEF CON a Las Vegas, ta sake wata gasar da ta sa wa sunan Rachel.

Tara kuwa an yi ta yankewa, manya-manya. FCC, hukumar sadarwa, ta ci wani mutumin Miami tarar dala miliyan 120 a 2018 saboda kira kusan miliyan ɗari cikin wata uku, da lambobin bogi masu kama da na unguwar wanda ake kira. Amma a watan Maris na 2019 jaridar Wall Street Journal ta binciko cewa daga 2015 FCC ta yanke tarar fiye da dala miliyan 208, abin da ya shiga hannunta kuwa dala 6,790 ne. A shekarar, kamfanin YouMail mai bibiyar irin wannan kira ya ƙiyasta an yi wa Amurkawa kiran na'ura biliyan 58.5. Ba duka ne na damfara ba, akwai na makaranta da asibiti da masu bin bashi, amma na damfarar kaso ne mai yawa.

A ganina sai a ƙarshen 2019 aka fara kama bakin zaren, lokacin da aka bar bin muryar aka koma kan hanyar da take bi. A watan Disamba FTC da jihar Ohio suka haɗa da kamfanin Globex Telecom a cikin ƙarar da suke yi da Educare, masu tallan rage ruwa da ke karɓar dala 798 zuwa 1,192 a hannun mutum. Globex shi ne mai ɗaukar kiran ta intanet, kuma wannan ne karo na farko da FTC ta gurfanar da irin wannan kamfani. A ƙarshen watan Shugaba Trump ya sa hannu a dokar TRACED, wadda ta wajabta wa manyan kamfanonin waya kafa tsarin tantance lamba mai suna STIR/SHAKEN kafin ƙarshen Yunin 2021. Kamfanin da kira ya taso daga wajensa yana buga masa hatimin shaida, na ƙarshe ya duba hatimin. Tsarin ya taimaka, sai dai lamba yake tantancewa ba niyyar mai kira ba, kuma hatimin yana ɓacewa in kiran ya ratsa tsofaffin layuka. 'Yan damfara ma sun koyi hayar lambobi na gaskiya su yi amfani da su su yar.

Bashin da ya haifar da kasuwar kuwa ƙaruwa ya yi. A 2023 abin da ake bin Amurkawa a katin bashi ya haura dala tiriliyan ɗaya a karon farko, matsakaicin ruwa ya wuce kashi 20 cikin ɗari. A Fabrairun 2024, bayan an yi amfani da muryar Shugaba Biden ta bogi an kira masu zaɓe a New Hampshire, FCC ta ce muryar da kwamfuta ta ƙirƙira ita ma tana ƙarƙashin dokar 1991.

Wannan ya shafi mutanenmu da ke zaune a Amurka, a unguwar Bronx ta birnin New York da sauran wurare. Sabon zuwa ana gaya masa ya karɓi kati don ya kafa tarihin biyan bashi, tunda da shi ake duba mutum wajen hayar gida ko sayen mota. Da yawa suna biyan duk abin da suka ci kafin wa'adin wata, don haka ruwa ba ya hawa kansu, sun kuma kauce wa riba. Wanda abin ya sha kansa shi ake nema, musamman in Turancinsa bai zauna ba. Wanda ya taɓa samun kira a Najeriya cewa an toshe masa katin ATM, ya kawo lambar BVN a gyara, ya riga ya san salon.

Shawarar da FTC ta daɗe tana bayarwa ita ce a kashe wayar kawai. Kada a danna ɗaya, kada a danna lambar da aka ce ta cire suna ce, domin dannawar na nuna musu layin yana da mai shi, kiran ya ƙaru. Mai son ragi ya juya katinsa, ya kira lambar da ke baya, ya tambayi bankin da bakinsa. Bankuna da yawa suna da shirin sassauci ga wanda ya shiga matsi, akwai kuma ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi waɗanda ba don neman kuɗi suke aiki ba. Wanda ya riga ya ba da lambar katinsa ya sanar da banki nan take a toshe shi a ba shi sabo, ya kai koke ga FTC, sannan ya rubuta wa bankin cewa bai yarda da kuɗin da aka cire ba. Wata dokar 1974 kan gyara kuskure a lissafin katin bashi ta ba shi kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar da cirewar ta fito a ciki.