Idan kifi ɗaya ya tashi da suna biyu, wanne ake ɗauka?

Duk wanda ya taɓa karanta tsofaffin littattafan kiwon kifi zai ga ana ce wa tarwada Clarias lazera, a sababbi kuma sai ka ga Clarias gariepinus, kuma wallahi kifi ɗaya ne. Ba kuskuren bugu ba ne, doka ce ta yi aiki.

Sunayen kimiyya na dabbobi, har da kifin ruwan daɗi, suna da kundin doka nasu da ake kira ICZN a taƙaice, akwai hukumar ƙasa da ƙasa da ke kula da shi tun 1895, bugun da ake aiki da shi yanzu shi ne na huɗu wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2000. Babban abin da ke ciki shi ne wanda ya riga shi ne da suna. Lissafin kuma daga 1758 yake farawa, shekarar da masanin halittu Linnaeus ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae.

To ga yadda ta kaya da tarwada. Wani mai bincike, Burchell, ya yi bayaninta a 1822 daga kogin Orange da ke kudancin Afirka, wanda ake kira Gariep, daga nan gariepinus ya fito. Sai a 1840 Valenciennes ya zo da lazera, a 1852 Peters ya zo da mossambicus, kowa yana ganin nashi kifin daban ne tunda daga ruwa daban aka kamo shi. Aka daɗe a haka har shekarun 1980 lokacin da Guy Teugels ɗan ƙasar Beljiyam ya zauna ya auna samfura daga wurare da yawa ya ce ai duk jinsi ɗaya ne. Daga nan babu gardama, 1822 ta riga 1840, gariepinus ya tsaya, sauran suka koma sunayen da aka ajiye a gefe. Ba a share su ba fa, idan gobe wani ya kawo hujja cewa kifin da aka kira lazera daban yake, sunan na nan yana jiransa.

Nan ne mutane ke ruɗewa, kuma ni a wurina shi ne abin da ya fi muhimmanci. Dokar ba ta yanke hukunci kan cewa kifi biyu ɗaya ne ko daban, wannan aikin masu bincike ne da awonsu da gwajin ƙwayar halitta, suna iya saɓani na shekaru. Ita dai suna kawai take rabawa bayan an gama wancan.

Kuma sunan jinsi galibi a ɗaure yake da kifi guda na zahiri, wanda aka adana a kwalba a gidan adana kayan tarihi. Idan aka gano cewa abin da ake ɗauka jinsi ɗaya ashe uku ne, wanda ya dace da kifin cikin kwalbar shi ke riƙe tsohon sunan, sauran a nemo musu wasu. Wannan na yawan faruwa a ruwan daɗi saboda koguna da tafkuna a rarrabe suke, kifaye su yi kama sosai amma ba ɗaya ba. In samfurin ya ɓace kuma ana cikin ruɗani, doka ta yarda a zaɓi wani a madadinsa bisa sharuɗɗa.

Akwai kuma akasin haka, wato dabbobi biyu daban su ci karo a suna ɗaya, nan ma na farko ke riƙewa, na baya a canza masa. Canjin dangi kuwa, wato kalmar farko ta sunan, ba rikici ba ne, karfasa ta tashi daga Tilapia nilotica ta koma Oreochromis niloticus, a kalma ta biyu ƙarshenta ne kawai ya juya don ya bi nahawun Latin.

Amma da za a bi riga-riga ido rufe ai da an shiga uku, wani zai tono suna a littafin da kowa ya manta ya rushe sunan da duniya ta saba da shi. Shi ya sa aka saka togaciya: idan ba a yi amfani da tsohon a matsayin ingantaccen suna ba bayan 1899, sabon kuma ya fito a rubuce-rubuce aƙalla 25 na marubuta aƙalla 10 cikin shekaru 50 da suka wuce, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe ya kai shekara 10, to sabon ne zai zauna. In sharuɗɗan ba su cika ba amma ana ganin canjin zai jawo ruɗani, sai a rubuta wa hukumar, ta buga ƙorafin a mujallarta kowa ya kawo ra'ayinsa, sannan mambobinta su kaɗa ƙuri'a, kafin hukunci ya fito kuma sunan da aka saba da shi ake ci gaba da amfani da shi.