Inbata da Batir a Gida: Me Zai Ɗauka, Ina Haɗarin Yake?

Inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) mai ƙarfin kVA 1 zai ɗauki firji?

Zai iya, amma da sharaɗi. Abin da irin wannan inbata ke bayarwa bai wuce wat 800 ba. Ƙaramin firji yana cin wat 100 zuwa 150 idan yana aiki, sai dai lokacin da kwampiresa, wato injin sanyayawarsa, ke tashi yakan fizgi ninki uku zuwa biyar na hakan. In fankoki da talabijin suna kunne, sai ka ji inbata ya yi ƙara ya ɗauke. Kuma duk sanda firji ya mutu, a ba shi minti biyar kafin a sake kunnawa.

Dutsen guga da hita fa?

A'a. Kowanne yana cin wat 1000 zuwa 2000. A sa mai haɗa wuta ya cire soket ɗinsu daga layin inbata gaba ɗaya, domin yaro ko baƙo ba zai tsaya tambaya ba.

Ai batir bolt 12 ne kawai, wane haɗari gare shi?

Nan mutane suka fi sakaci, kuma nan ya fi damuna. Gaskiya ne bolt 12 ba ya jan mutum, amma yana ƙona gida. Kafin inbata ya fitar da wat 1000, sai ya zuƙi kusan amfiya 100 daga batir. Siririyar waya ba ta jure wannan: za ta yi zafi, robarta ta yi laushi ta fara wari, daga nan sai wuta. Waya ta zama mai kauri, gajera, an ɗaure kanta tamau, sannan a sa fiyus dab da kan batir mai alamar tarawa. Sifana ɗaya ta faɗa tsakanin kawunan batir biyu, take za ta yi ja. Shi ya sa mai gyara ke cire zobe da agogo kafin ya taɓa.

A ina ya kamata a ajiye batir?

Inda iska ke shiga tana fita. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ita kuwa tartsatsi kaɗan take jira. Ban da ɗakin kwana, ban da cikin kabad, ban da kusa da risho. Zafi ma yana rage masa kwana, balle irin na Afrilu a Kano ko Sakkwato. In ruwansa ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ko fiya wata ba.

Awa nawa zai kai ni?

Batir mai bolt 12 da Ah 200 (ma'aunin yawan wutar da yake adanawa) yana riƙe da kimanin wat 2400 na awa ɗaya, amma in ba litiyom ba ne, rabi kawai ya kamata a sha. Kayan wat 200 za su yi kamar awa biyar, in an cire abin da inbatan kansa ke ci. Mai tatse shi ƙarƙaf kullum, da wuri zai koma kasuwa. Wajen caji, amfiya 20 ta ishe shi. Litiyom kuwa saitinsa daban, kuma ba a haɗa sabon batir da tsoho.

Dole ne sai da canjoba, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar NEPA da ta inbata?

Dole. Kada a taɓa soka wayar inbata a soket don a ba gida wuta. Wutar na iya komawa layin NEPA ta kama ma'aikacin da ke kan fal, kuma ranar da aka dawo da wuta inbatan ne zai ƙone.