Waiwaye: Yadda Maƙeran Rum Suka Sa Ƙarfe Ya Yi Tauri

A shekara ta 225 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa sun gwabza da mayaƙan Gol, wata al'umma da ke zaune a arewacin Italiya da Faransa ta yau, a Telamon, ƙasar Italiya. Masanin tarihi Folibiyus ya ce takubban Gol daga sara ɗaya sai su lanƙwashe, har sai mayaƙi ya taka ya miƙar. Ko da akwai ƙarin gishiri a zancen, ya taɓo matsalar maƙeran zamanin: ƙarfe tsurarsa laushi gare shi.

Murhun lokacin na yumɓu ne. A zuba tama da gawayi, a yi ta zuga, amma zafin ba ya kai wa ƙarfe ya narke. Abin da ake cirowa dunƙule ne mai ramuka, cike da kashin ƙarfe. Sai a ɗora a uwar maƙera, a yi ta dukansa da masaɓa yana ja wur, har dattin ya fita.

Taurin kuwa daga gawayin yake zuwa. In ƙarfe ya daɗe a garwashi, yakan sha sinadarin kabon, kuma shi ke sa ya yi tauri idan aka tsoma shi a ruwa da zafinsa. Maƙeran ba su san da wani sinadari ba. Launin wuta suke karantawa, kuma wannan gwanintar ta fi komai burge ni. Shi kansa Filini Babba, marubucin Rum wanda ya mutu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ruwa ya ba wa girman. Ya yaba ruwan Bilbilis a Sifaniya da na Komo a Italiya, ya ce ƙananan kaya a mai ake tsoma su don kada su yi saurin karyewa.

Ƙarfen da ya fi suna na Norikum ne, Ostiriya ta yau. Gajeren takobin Rumawa, giladiyus, daga mutanen Sifaniya suka aro shi. Sulken zobba kuma daga Gol ɗin nan.

Sulken falle-fallen ƙarfe da ake gani a hotunan sojojin Rum ya zo daga baya. An tsinci ɓarɓashinsa a Kalkiris ta Jamus, inda aka hallaka rundunonin Rum uku a shekara ta 9 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Amma sai a 1964, da aka tono wani akwati ɗauke da irin wannan sulke a Kobirij ta Ingila, masana suka gane yadda ake ɗaure fallayen da tsirkiyar fata ta ciki, don soja ya iya sunkuyawa.