Idan dusar ƙanƙara ta narke: keken dutse ga masu wasan zamiya

A duwatsun Alfas na Turai da na yammacin Kanada, yawancin filayen zamiya a kan dusar ƙanƙara kan buɗe wajen Disamba, su rufe a Afrilu. Wanda ya jingine katakon zamiyarsa ya zauna sauran watannin, jikinsa ma zama yake yi. Makonni kaɗan da barin motsa jiki numfashi ke fara gajarta, ƙarfin cinya ya biyo baya. Ranar da aka koma fili kuwa, zuciya na son gudun bara, ƙafa ta riga ta manta. Da cinya ta gaji sai mutum ya riƙa zubewa baya kamar mai shirin zama, kuma a wannan tsayuwar ce jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ta fi tsinkewa. Idan abin ya kai ga tiyata, a ƙalla wata shida zuwa tara ke nan kafin a koma wasa.

Wannan bayani na duk mai zamiya ne, da katako biyu yake yi ko da allo ɗaya, har da 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai waɗannan ƙasashe suka koyi wasan. Maganin wannan zama shi ne hawan keken dutse a lokacin zafi, kuma ba sai an canza dutse ba. A Whistler ta Kanada, tun 1999 kujerun nan masu tafiya a kan waya suke ɗaukar masu keke zuwa sama a lokacin zafi. Garin Les Gets na Faransa, wanda aka sani da zamiya, shi ya karɓi gasar keken dutse ta duniya a 2004 da 2022.

Abu na farko da keke ke koyarwa shi ne ido. Inda ka kalla nan za ka nufa. Sabon mahayi kan kafe idonsa a kan dutsen da yake tsoro, sai tayar gaba ta je ta same shi. Ka ɗaga haɓa, ka kalli ratar da kake son bi, a kwana kuma ka kalli mafita tun kafin ka shiga. Mai ratsa itatuwa a kan ƙanƙara ma da wannan idon yake tsira.

Sai tsayuwa. A gangara ka tashi daga sirdi, feda biyu su yi daidai da juna, dunduniya ta ɗan nutse ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, nauyinka a kan ƙafa, hannu ya riƙe kan keke sako-sako. Tsoro ne ke sa mutum ya ja ƙugu baya ya miƙar da hannu. Da zarar an yi haka tayar gaba ta rasa nauyi, ta daina kama ƙasa, ta zame a kwana ta farko. Laifin nan ɗaya ne da zubewa baya a kan katakon zamiya, kuma a ganinmu ko shi kaɗai keke ya gyara maka, ya biya kuɗinsa.

A kwana marar jingina, wato wadda gefenta na waje bai tashi ba, ka sauke fedar waje ƙasa ka danna ta da nauyinka, ka karkata keken fiye da jikinka, cibiya na fuskantar inda za ka. Masu katako biyu za su gane wannan nan take, domin katakon waje suke dannawa. Masu allo ɗaya, da suka saba tsayuwa a kaikaice, sukan ɗauki lokaci kafin kafaɗa ta daina juyawa gefe. Inda hanya ta yi tudu da kwari a jere, ka saki jiki keke ya taso maka a kan tudu, ka danna shi ƙasa a bayan tudun. Ƙafa ce shokazoba ta gaskiya, kuma haka ake haɗiye tulin ƙanƙara.

Birki kam sabon abu ne ga mai zamiya, nan ne kuma ake yawan kifewa. Yatsa ɗaya ya isa a kan birki mai aiki da mai. Na gaba ne ya fi ƙarfin tsayarwa, amma matsa shi ake yi a hankali, ba a fizga, in ba haka ba mahayi ya tsallake kan keke da ka. Ka rage gudu tun kana miƙe, kafin kwana, ka saki a cikinta. Idan hayar keke ka yi, gwada hannun birkin kafin ka motsa: a Ingila na gaba a dama yake, a Faransa da Amurka da Kanada kuwa a hagu.

Keken da bai dace da jiki ba shi ke kawo ciwon gwiwar da ake gudu. Ka ɗaga sirdi yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwa za ta rage lanƙwasa kaɗan, wajen digiri 25 zuwa 35. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, ciwo a bayanta kuma ya yi sama. Taya marar tiyub takan so iska tsakanin 22 da 28 a ma'aunin iskar taya da ake kira psi, gwargwadon nauyin mahayi, ta baya ta ɗara ta gaba kaɗan. Iska ta yi yawa, taya ta riƙa tsalle a kan tsakuwa. Ta yi kaɗan, dutse ya daki ƙarfen taya. Shokazoban baya ya nutse kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na iyakar nutsewarsa idan ka hau da kayanka.

Hawa uku a mako ya wadatar. Biyu a yi su a tsanake, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da gudun da za ka iya hira a cikinsa, a giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. Na ukun na tudu ne: minti huɗu da ƙarfi, minti uku a huta, sau huɗu. A ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kowane mako na huɗu a sassauta. Ruwa rabin lita zuwa kusan lita ɗaya a awa, gwargwadon zafi.

To amma kada a yaudari kai, keke ba ya yin komai da komai. A kan feda tsoka turawa take yi, a zamiya kuwa tarewa take yi, tana miƙewa ƙarƙashin nauyi. Shi ya sa gwanin keke ma kan tashi da tsamin cinya bayan ranar farko a kan ƙanƙara. Haka nan keke ba ya motsa jiki gefe da gefe, ba ya ƙarfafa ƙashi sosai. Sau biyu a mako a haɗa da tsugunno a tashi, ana ƙirga uku wajen sauka, sau 8 zuwa 12, zagaye uku, da tsalle gefe-gefe da ƙafa ɗaya, da aikin tsokar bayan cinya, wadda ke taya jijiyar gwiwa riƙe ƙafa.

Masu zamiya na da wata matsala tasu: ba sa tsoron gudu, sai gudunsu ya fi gwanintarsu. Faɗuwa a kan dutse kuwa ba irin ta dusar ƙanƙara ba ce. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, da kuma wuyan hannu, su suka fi karyewa, saboda miƙa hannu a tare ƙasa. Ana yi wa hanyoyin keke alamar launi kamar na zamiya, kore ta fi sauƙi, baƙa kuma mai wuya ce, amma iya baƙar hanya da katako ba ya nufin ka iya ta da keke. Fara da kore, ka wuce shuɗiya, kuma duk gangarar da ba ka sani ba ka sauka ka duba ta da ƙafa. Hular kwano ta keke dole ce, da safar hannu da makarin gwiwa, mai bin gangara zalla kuma ya sa wadda ta rufe haɓa. Hular da ta daki ƙasa sau ɗaya ta gama aiki, ko ba ta nuna tsagewa ba. Bayan hawa a dajin Ostiriya ko Suwizalan a duba jiki saboda kaska, domin tana ɗauke da cututtuka.

Wanda kansa ya bugu, ya ji jiri ko tashin zuciya, ko ya kasa tuna yadda ya faɗi, ya gama hawa a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Idan amai ya maimaita, ciwon kai na ƙaruwa, barci na fizgarsa, ko wuya na ciwo, a kira 112 a Turai ko 911 a Kanada da Amurka. Mai ciwon wuya kada a ɗaga shi, kada a cire masa hula in dai yana numfashi lafiya.