Waiwaye: Yadda makomar Dutsen Salvation ta rataya a kan yaɓe da fenti

Kowace shekara idan sanyi ya shigo, dubban baƙi sukan sauka a Slab City, cikin hamadar kudancin Kalifoniya a Amurka, sai tsohuwar muhawara ta sake kunno kai: a sayar da filin ne ko a bar mazauna, kuma wa zai ci gaba da kula da Dutsen Salvation da ke bakin shiga? Maganar ta samo asali tun da daɗewa.

A 1942 wurin sansanin horar da sojan ruwa ne mai suna Camp Dunlap. Aka kwashe gine-ginen, daɓen siminti kawai ya rage, a 1961 kuma filin ya koma hannun jiha. Mutane suka yi ta kafa motocin kwana a kan daɓen, ba haya, ba wuta, ba famfo, ba masu kwashe shara. A 1984 wani mutum mai suna Leonard Knight ya iso, ya fara gina tudu don rubuta saƙon cewa Allah ƙauna ne; tudun nan shi ake kira Dutsen Salvation.

Abin da aka fi mantawa shi ne rushewar 1989. Tudun farko da siminti ya gina shi, amma yashi ya yi yawa a kwaɓin, ruwan sama ya zo ya zubar da shi. Da ya sake farawa sai ya koma ga yumɓun wurin, yana kwaɓa shi da tattaka, ya yaɓe, ya bi da fenti shafi kan shafi. Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san sharaɗin irin wannan gini: yaɓe ba ya ƙarewa. Fentin nan shi ne rigar ruwan tudun. Rana ta gasa shi ya tsage, ruwa ya kutsa ta tsagar, yumɓu ya kumbura, fentin ya ɗaye kamar ɓawo. Gyara sai an kankare wurin, a cike da sabon kwaɓi, a jira ya bushe sarai kafin a shafa fenti. Wanda ya yi gaggawa ya rufe danshi a ciki, aikin zai sake ɓaci.

Wato tun da aka sake gina shi da yumɓu, tudun mai tsayin kusan mita 15 ya zama abin da sai da hannun mutum kullum yake tsayuwa, a kan filin da ba na mai ginin ba. Knight ya bar wurin a 2011 saboda rashin lafiya, ya rasu a 2014, nauyin ya koma kan 'yan sa kai da fentin da jama'a ke kawowa kyauta.

Shi ya sa ake roƙon mai ziyara ya bi layin rawaya da aka zana a jikin tudun kaɗai idan zai hau, domin takun ƙafa ɗaya a gefe yana fasa fentin. Ya kuma sayi ruwan sha tun daga Niland, kimanin kilomita 6 daga wurin, domin da bazara zafi yakan kai digiri 48.