Kakin Tsohon Soja a Cikin Adaka: Me Doka Ta Ce?

A ƙauyukan Rano, Gumel da Kazaure akwai gidajen da har yau ke ajiye da kakin kakanninsu, mazan jiyan da suka yi yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu) a runduna ta 81 da ta 82 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani gidan jar dara ce da jar falmaran irin ta faretin sojan Turawa, wani gidan kuma kayan biki ne na hafsa, da lambobin girma da takobi. Yanzu da masu tara kayan tarihi suka fara neman irin waɗannan kaya da kuɗi, magada na tambaya: ajiyewa ko sayarwa laifi ne?

Kundin laifuffuka na Arewa, Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, bai kafa wa adaka ido ba. Abin da yake dubawa shi ne sanyawa da kuma niyya. Sashe na 133 ya ce duk wanda ya sa tufafi ko ya riƙe alama mai kama da ta ma'aikacin hukuma, don a ɗauka shi ma ma'aikacin ne, ya yi laifi, kuma ana iya ɗaure shi wata shida. Sashe na 132 ya fi zafi: wanda ya yi sojan gona har ya aikata wani abu da sunan muƙamin, kamar tare hanya ko karɓar kuɗi, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara uku. A Kudu kuwa, sashe na 110 na kundinsu ya hana farar hula sanya kakin soja ko da ba yaudara, sai dai a wasan kwaikwayo.

To, wanda ya gaji rigar kakansa ya ninke ta da kafur saboda asu, ba shi ake nema ba. Matsalar tana wajen samarin gidan. Yaro ya zura rigar ranar sallah, ya hau babur zuwa kasuwar Wudil, ya ce ai wasa yake. Alƙali zai iya sauraron batun niyya, amma sojan da ke shingen bincike ba ya tsayawa karanta sashe, balle yanzu da 'yan bindiga ke ɓad da kama da kaki. A ganina ko ɗaukar hoto da ita don Facebook ganganci ne.

Ciniki ya fi sarƙaƙiya. Shigo da kayan soja daga waje, sabo ko tsoho, yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma dama gwanjo na cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kuma ta hana sayarwa ko fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba, musamman aikin hannun gida da aka yi kafin 1918. In dillali ya ce Ingila zai kai kayan, a fara tambayar jami'an gidan tarihi na Gidan Makama a Kano.

Tsohuwar bindiga kuwa, in an tsince ta tare da kayan, gado ba ya halatta riƙe ta. Sai da lasisi, in babu a miƙa ta ga 'yan sanda.