Yadda duwatsu ke lanƙwasa a saman mantul

Mantul shi ne dutsen da ke tsakanin ɓawon duniya da ƙwallon cikinta, kamar tsokar mangwaro. Sashensa na sama ya faro ne daga iyakar da Andrija Mohorovičić, masanin girgizar ƙasa ɗan Kuroshiya, ya gano a 1909, wadda zurfinta ya kai kimanin kilomita 35 a ƙarƙashin nahiyoyi, bai kuma kai 10 ba a ƙarƙashin teku. Sashen ya ƙare a zurfin kilomita 660. Akasarin dutsen wurin feridotait ne, fiye da rabinsa kuwa wani koren ma'adini ne da ake kira olibin.

Mutane da yawa sun ɗauka narkakken dutse ne ya cika mantul. Ba haka ba ne. Akwai wata igiyar girgizar ƙasa da ba ta ratsa abu mai ruwa-ruwa, amma tana ratsa mantul, wannan ya tabbatar da cewa daskararre ne. Duk da haka yana tafiya, 'yan santimita a shekara, kwatankwacin tsiron farce.

Zafi da lokaci ne ke yanke hukunci. Dutse mai sanyi na kusa da doron ƙasa yana jure danniya har ya tsage farat ɗaya, a ji girgiza. A can ƙasa, inda zafi ya kai wajen digiri 1,300 a ma'aunin Salshiyas, nauyin da ke bisa yana toshe tsaga tun kafin ta buɗe, sai dutsen ya miƙe a hankali, kamar ƙarfen da ya yi ja a hannun maƙeri.

Manyan hanyoyin wannan miƙewa biyu ne. A ta farko, ƙwayoyin zarra suna ƙaura ɗaya bayan ɗaya daga gefen da aka matse zuwa gefen da ke da sauƙi, ta cikin ƙwayar ma'adinin ko ta bakinta. Masana Nabarro a 1948, Herring a 1950 da Coble a 1963 ne suka fayyace ta. Ta fi tasiri idan ƙwayoyin ma'adinin ƙanana ne, danniyar kuma ba ta da yawa.

Ta biyu ta fi cancantar a tsaya a kanta. Jerin zarra a cikin olibin ba ya rasa 'yar tangarɗa, layin da ya katse bai kai ƙarshe ba. Idan danniya ta zo, tangarɗar ce ke gusawa, ba dukan jerin ba. Wanda ya taɓa gyara doguwar dardumar masallaci ya san dabarar: jan ta gaba ɗaya sai ƙarti, amma in aka tayar da ɗan tudu a kai ɗaya aka tura shi zuwa ɗaya kan, yaro ma ya matsar da ita. Taylor da Orowan da Polanyi ne suka kawo wannan bayani a 1934, kowa daga nasa binciken, kuma kan ƙarfe suke magana a lokacin. A wannan hanya, in danniya ta ninka sau biyu, saurin miƙewar olibin yana ninkawa wajen sau 11. Tana kuma jera ƙwayoyin ma'adinin su fuskanci gefe guda, shi ya sa igiyar girgiza ke fin sauri ta wata fuska. Harry Hess ya nuna haka a ƙarƙashin tekun Fasifik a 1964, kuma da wannan alama ake bin sawun inda mantul ya nufa.

Ruwa, ko ɗan kaɗan ne ya shiga jikin ma'adini, yana raunana shi ƙwarai. Griggs da Blacic sun fara ganin hakan a 1965 a jikin wani ma'adini da ake kira kwaz, daga baya aka tabbatar da shi a olibin.

An auna danƙon mantul ta wata hanya mai ban sha'awa. Ƙanƙarar da ta danne arewacin Turai ta narke kimanin shekara 10,000 da suka wuce, amma har yau ƙasar tana ɗagowa, kusan milimita 9 a shekara a gaɓar Botniya, tsakanin Suwidin da Finlan, domin dutsen da aka kore daga ƙarƙashi yana komawa mazauninsa. Daga saurin wannan ɗagowa Norman Haskell ya yi lissafi a 1935 ya samu adadin 1 mai sifiri 21 a ma'aunin danƙo na faskal-daƙiƙa, adadin da har yanzu ake aiki da shi.

Babu rijiyar da ta taɓa ratsa ɓawon duniya ta kai mantul. Samfurinsa na zuwa ne ta aman wuta, wanda ke tsinto gutsattsarin feridotait ya fito da su, irin waɗanda ake samu a tsaunukan Biu na Jihar Borno da kewayen tafkin Nyos a Kamaru. A duwatsun Oman kuwa, wani babban yankin mantul na teku ne ya hau kan tudu, ana taka shi da ƙafa, ƙwayoyinsa a jere yadda tafiyar ta bar su.